Kunun Tanna Ba Ya Kwana

Tanna taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, saboda haka ina da izinin faɗin duk abin da na ga dama a kanta, kuma zan faɗa. Na girme ta da damina biyu, na kuma fi ta kyau, wannan kowa ya sani a ƙauyenmu da ke tafiyar hantsi daga Atantane. Abu ɗaya ta fi ni da shi, fili a baki. Tana da shekara ashirin da ƴan kai jakin mijinta ya kwashe mata haƙora takwas a harbi guda. Sauran suka ga zama babu maƙwabta ba daɗi, suka riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta yi furfura bakin ya koma fayau kamar gonar da aka girbe. Ni na raɗa mata Wawulo, sunan kuwa ya bi ta, har yaran gari suna zaton da shi aka yanka mata rago.

Ga yadda abin ya faru. A lokacin ba wanda ya taɓa ganin Nasara a ƙasarmu sai dai a bakin fatake. Ta tafi rijiya da jakin, ta sunkuya bayansa tana gyara igiyar salka, ƙuda ya cije shi, shi kuma ya rama a kan wadda ta fi kusa. Da aka kai wa mijin labari, Allah ya ji ƙansa, abin da ya fara tambaya shi ne ko jakin ya ji ciwo a kofato.

Wanzami ya ɗaure mata muƙamuƙi da tsumma. Wata biyu cur bakin ba ya buɗuwa sai gwargwadon yadda tsinken kaba zai shiga. Ga shi tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa. Tuwo ba ya wucewa, kunu mai kauri ba ya wucewa, sai koko da aka tsinka da ruwa har kana hango gindin ƙwarya. Ta sha ƙwarya guda, ta ƙara wata, ciki ya cika yana ƙugi, yunwa kuwa tana nan zaune ko gezau. Ta rame har munduwarta tana zamewa ta faɗi in ta sauke hannu. Na je duba ta na ce, "Wawulo, in kika ƙara ramewa jakin zai nemi inda zai harba ya rasa." Ba ta iya ramawa ba, sai da ido. Ta ajiye mini bashin zagin har ta warke, ta biya ni da riɓi.

A wannan daminar jinkar rumbunsu ta yi yoyo. Sauran geron da ke ƙasa ya jiƙe, ya tsiro tun yana kan zangarniya. Mai wadata da sai ya watsa wa kaji. Tanna ta sussuke shi, ta shanya, ta murje ƴan saiwoyin da tafin hannu, ta niƙa a dutse, ta gauraya da ɗan garin kirki da ya rage, ta ɗora wa mijinta tuwo. Tuwo ya ce bai san zancen ba. Tana tuƙawa yana tsinkewa, tana ƙara gari yana ƙara sakin jiki, har muciya ta riƙa yawo a tukunya kamar a tafki. Mijin ya leƙa ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa shan tuwo ba, kuma ba yau zai fara ba. Ya ɗauki hularsa ya tafi gidan ƙanensa.

Ita kuwa ta zauna gaban tukunya ta ɗiba da ludayi, ta zura ta ɗan ramin bakin nan. Ya wuce sumul. Ga ɗan zaƙi kamar an jefa dabino. Ta sha ludayi biyar, sai ta ji abin da ta manta kamanninsa, wato ƙoshi. Garin da ke cikin tukunyar na tuwon mutum biyu ne, amma yana gudu kamar koko.

Tanna ba ta da haƙori amma tana da kai. Ta yi ta gwadawa har ta gane ba sai an zuba da yawa ba. A dama kunu da kauri, a bari ya ɗan huce, a tsunkuli garin tsiro da yatsa uku a barbaɗa, a juya, shi ke nan. Daga nan ta riƙa jiƙa geronta da gangan, ta lulluɓe shi da tsumma kwana uku a bayan randa, ta shanya a kan ɗaki inda ba mai gani, ta adana garin a wani ɗan gora mai marfin kara. Ba ta gaya wa kowa ba, har ni. Dalili kuwa, a ƙetaren fadama akwai unguwar Anna, wato Maguzawa, su kuma da tsiron dawa suke dafa giyarsu. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in an ga tsiro a kan tabarma. Musulma ɗiyar Musulmi a gan ta tana shanyarsa, ai ta gama gaisawa da mutane.

Haka ta yi shekara talatin. Mijin ya rasu, jakin ya riga shi. Ƴaƴanta mata biyu suka yi aure, ɗaya a Mayahi, ɗaya a wajen Tasawa. Ta zauna ita kaɗai tana kaɗi, tana noma ɗan gandunta na wake da kabewa a bayan gida. Duk abin da za ta ci sai ta yi masa shari'a. Kabewa sai ta dahu ta narke, an murje ta da bayan ludayi. Wake sai an jiƙa, an cire masa riga ɗaya bayan ɗaya, an dafa har ya manta sunansa. Har ya zama in amarya ta bar abinci ya dahu ya wuce misali, sai a ce ta yi girkin Tanna. Ni na ƙirƙiro wannan ma, ba na musu.

To, sai shekarar da aka haifa wa ɗana Yahaya ɗan fari, Rabi'u. Ni kakarsa ce, saboda haka angona ne, kuma ango ne na nuna wa dangi, cinya kamar ta ɗan maraƙi. Yana da wata bakwai, bayan an gama shigar da hatsi, masassara ta kwantar da uwarsa Rakiya kwana goma sha biyu. Ta tashi, amma nonon bai tashi tare da ita ba. Yaro ya kama ya tsotsa ya tsotsa, ya saki ya yi kuka. Muka ba ta kunun kanwa, muka ba ta duk saƙe-saƙin da aka san yana kawo ruwan nono, sai ɗan abin da ba ya kashe ƙishirwa. Muka gwada madarar saniya, ta bi ta cikinsa ta fita kamar ana korar ta.

Sai na yi abin da uwata ta yi, wanda ita ma uwarta ta yi. Na yi masa ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a zuba tsinkakken koko, a danne hanci da yatsa. In ya buɗe baki neman numfashi sai koko ya shige. Na iya ɗura, ba yabon kai ba, har daga wasu gidaje ana kirana. Safe, rana, yamma, ina ɗura wa angona. Ciki ya yi tim kamar ganga, ƙafafu kuwa suna komawa sillen kara. Kwana ashirin muna haka. Maɗigarsa ta fara faɗawa, kukan ma ya zama na ɗan kyanwa. In ya hango ni da ƙoƙo sai ya kau da kai ya dafe bakinsa. Rakiya, da yake ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta ko kallonsa a gabana, sai ta shige ɗaki in ji tana jan hanci.

Ran nan da hantsi Tanna ta shigo aron taɓarya, ta same ni ina fama, koko yana fita ta hancin yaro.

Ta ce, "Habsu, kashe shi za ki yi ki huta, ko wanka kike mishi ta ciki?"

Na ce, "Ke da ko ƙashin kaza ba ki iya gaisawa da shi, mi kika sani game da ci?"

Ta ce, "Game da cin masu haƙori, ban san komi ba. Amma wanga ɗan'uwana ne. Buɗe bakinshi ki gani, ni da shi wa ya fi wani?"

Ta ɗauki ƙoƙon ta karkata shi, ta duba. "Ruwa ne wanga. Cikin nashi bai fi dunƙulen hannunshi ba, kin cika shi da ruwa, ina hatsi za ya zauna? Na yi wata biyu ina shan irinshi. Ciki cike, yunwa cike. Shi bai iya faɗi ba ne, ni na iya."

Na ce, "In na yi mai kauri ya shaƙe shi."

Ta ce, "Ɗora tukunya. Ki dama mini mai kaurin da ludayi za ya tsaya a ciki da ƙafarshi."

Ta tafi gida ta dawo da ɗan goran nan a ƙunshe cikin zane. Na dama kunun gero, na tace shi sau biyu, ya yi kauri har ludayi ya tsaya kamar an dasa shi. Ta bari ya daina tururi, ta sa ɗan yatsa ta ji zafinsa, ta tsunkuli gari ta barbaɗa, ta shiga juyawa a hankali tana kallon sama kamar ba abin da ya dame ta. Ina tsaye ina shirya irin dariyar da zan yi mata. Sai na ga ludayin ya fara sassautawa. Kunun ya saki, ya kwanta, ya koma yana zuba kamar madara, alhali ko ɗigon ruwa ba a ƙara ba. Ta mayar da shi wuta ya tafasa sau ɗaya, ta sauke ta fifita.

Na ce, "Wane boka ya ba ki wanga?"

Ta ce, "Jaki."

Ba ta kwantar da yaron ba. Ta zaunar da shi a cinyarta yana fuskantar ta, ta tallafe bayansa. Ta tsoma yatsa a kunun, ta fara kai wa bakinta, ta mamula da dasashi tana lumshe ido. Rabi'u ya tsaya yana kallon wannan baki da bai taɓa ganin irinsa a wurin babba ba. Ta sake tsomawa ta shafa a leɓensa na ƙasa, ta janye hannu, ta jira. Ni da na saba da kokawa, jiran nan ya fi ƙarfina.

Na ce, "Danne hancin mana."

Ta ce, "Naki zan danne in ba ki yi shiru ba."

Ya lashe. Ya yamutsa fuska, ya sake lashewa. Can sai ya buɗe baki da kansa ya biyo yatsan. Ya sha abin da bai fi cikin ludayi ɗaya ba, ta ce ya isa, a bar shi da marmari, an jima a sake dama sabo. Ranar bai yi amai ba. Washegari ya sha ludayi biyu.

Garin goran kaɗan ne, dole a yi wani. A nan ne ta gaya mini ko mene ne, ni kuma na dafe ƙirji na duba ƙofa. Amma na ga angona ya yi barcin rana ba kuka, sai na ce a jiƙa. Muka jiƙa gero a bayan randata. Kwana uku ya fito da ƴan fararen wutsiyoyi, muka baza a faifai muka kai bayan rumbu.

Mijina Malam Mamudu shi ke jan salla a garinmu. Mutum ne da ba ya zuwa bayan rumbu sai shekara-shekara, amma ran nan akuyarsa ta kwance, ya biyo ta. Na ji shiru ya yi yawa, na leƙa, na gan shi tsaye a kan faifan.

Ya ce, "Habsatu, mine ne wanga?"

Na ce, "Gero ne, Malam."

Ya ce, "Na ga gero ne. A gidana ake shirin dafa giya?"

Na yi masa bayani, na ƙara da rantsuwa. Ya saurara har na gama, don Malam ba mai hayaniya ba ne. Sa'an nan ya ce abin da yaro ya fara ci shi ke zama namansa da ƙashinsa, kuma shi ba zai tsaya gaban Ubangiji a tambaye shi da me ya gina jikansa ya ce da uwar giya ba. Ya watsa wa kaji tsiron, ya ce goran Tanna kada ya sake ƙetare zaurensa. Ba mugunta ba ce. Mutumin nan tun da yaron ya fara ramewa kullum sai ya yi masa rubutu, ya wanke allo da hannunsa. Tsoro ne ya kama shi ta wani gefen, mu kuma ya kama mu ta wani.

Muka koma ɗura. Yaron da ya ɗanɗana cin mutunci, ina zai yarda da hannu a hanci? Ya datse dasashi, abin da ya shiga ya dawo. Kwana uku, duk ɗan abin da ya tara ya zube, ido ya koma ciki. A rana ta uku Rakiya ta ajiye kunyar ɗan fari a gefe, ta goya shi a gabana, ta ce, "Inna, ni za ni wurin Gwaggo Tanna, in Baba ya kore ni ya kore ni."

Na ce, "Sauke shi. Ba ke za a kora ba. Je ki kira ta, ki ce ta taho da goran."

Tanna ta zo, ta dubi yaron, ba ta yi wasa ko ɗaya ba, abin da ban taɓa gani ba. Ta dama kunu mai kauri a murhuna, ta juye a sabuwar ƙwarya, ta ɗauka, ta nufi ƙofar gida. An idar da azahar, maza suna zaune gindin bagaruwa, Malam a tsakiya kan buzunsa. Mace ba ta zuwa wurin, amma tsohuwar da ba ta da haƙori ta wuce a hana ta. Ban da haka ƙanwata ce, Malam mijin yayarta ne, akwai wasa tsakaninsu tun tana budurwa. Ni na laɓe a zaure inda nake jin komi.

Ta durƙusa ta gaishe su, ta ajiye ƙwaryar, ta ce, "Malam, fatawa na kawo."

Ya ce, "In a kan abin nan ne, na gama magana."

Ta ce, "A kan gero ne. In ka shuka shi, ruwa ya sauka, ya tsiro a gonarka, halas ne ko haram?"

Ya ce, "Halas ne, har da godiya."

"To in ya tsiro a faifan Habsu, mi ya taɓa shi? Faifan ne arne?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Malam ya ce, "Kada ki karkata zance, Tanna. Kowa ya san hanyar da tsiro ke bi, da inda take ɓullewa."

Ta ce, "Hanyar Tasawa ma ta gaban gidan giya ta wuce, ban ga ka fasa zuwa kasuwa ba. Su Anna dafawa suke su rufe, ya kwana, ya sake kwana, sai ya yi kumfa ya yi tsami. Nawa ko inuwa ba ta juyawa an shanye. Kai ne mai karatu, gaya mini, mi aka hana, tsiron ko mayen?"

Malam ya shafa gemu. Ya ce, "Abin da ke gusar da hankali aka hana."

"To ga shi a gabanka." Ta kwance goran, ta tsunkula, ta barbaɗa a gaban kowa, ta juya. Mazan nan suka miƙo wuya suna kallon kunu yana narkewa ba ruwa. Ta tura masa ƙwaryar. "Shekara talatin ina shan shi, ka taɓa tsinto ni a kwararo ina waƙa? Sha ka ji. In ka yi tangaɗi ni zan goya ka in kai ka ɗaki."

Akwai wani tsohon Bafillace, Hammadu, abokin Malam, da ke yada zango wurinmu in ya kawo shanu kasuwa. Ya ce, "Sha, Malam. In ka faɗi mu ne shaidu, in ba ka faɗi ba mu ne shaidu. Ni dai na ga jikan naka jiya, ko ɗan akuya aka haifa haka sai a shiga damuwa."

Abin da su ba su sani ba, ni na sani. Malam ya yi kwana tara turmin haƙorinsa na hagu yana ciwo, kunci ya kumbura a ƙarƙashin rawani, ba ya iya cin komi sai tsinkakkiyar fura, kuma girman kai ya hana shi faɗi. Ya yi bisimilla, ya ɗibi rabin ludayi, ya riƙe a baki yana neman tsami ko ɗaci. Ya haɗiye. Ya ce bai tantance ba tukuna, ya ƙara. Ya ce fatawa ba a yanke ta da gaggawa, ya ƙara. Da Hammadu ya miƙa hannu shi ma zai taya bincike, sai ya tarar da gindin ƙwarya.

Tanna ta ce, "Na yaron ne fa ka shanye."

Hammadu ya ce a jira la'asar a gani. Aka zauna, ba wanda ya tashi, har masu zuwa gona suka fasa. La'asar ta yi, Malam ya yi alwala, ya ja salla raka'a huɗu, bai ƙara ba bai rage ba. Da ya sallame ya juyo ya dubi jama'a, ya ce ya bincika, hatsi ne, babu maye a cikinsa, kuma shi ne ya yi kuskure da ya hukunta abu da kamanninsa. Amma ya kafa sharaɗi. Duk wadda ta dama shi, a sha a ranar. Abin da ya rage a ba tsofaffi ko a zuba wa kaji. Kada ya kwana.

Tanna ta ce, "Da ma wa ke barin shi ya kwana, kai kana gari?"

Tun daga ranar sunan kunun ya zama ba-ka-kwana, har yau kuma haka muke kiran shi.

Ba mu jira komi ba muka dama sabo. Rabi'u ya galabaita har buɗe bakin ma aiki ne. Tanna ta zaunar da shi, ta mamula nata tana yi masa gwalo da dasashi, ta shafa masa a leɓe. Muka zuba ido, ni da Rakiya, da Malam da ya tsaya a bakin ƙofa wai yana neman carbinsa. Sai ɗan harshen ya fito.

Daga nan Tanna ta tare a gidanmu, ta mai da murhuna nata, ta mai da ni ƴar aike. Kwana bakwai kunu kaɗai, sau biyar a yini, kaɗan-kaɗan, bayan ya tsotsi abin da uwarsa ke da shi, don ta hana a cire shi daga nono ko da ɗigo ne. Sa'an nan ta kawo kabewa, ta dafa ta da ruwa kaɗan, ta murje, ta matse ta cikin tsumma mai tsabta don kada zare ko ɗaya ya wuce. Na ce a haɗa da wake a huta. Ta ce a'a, baƙo ɗaya ake shigar wa ciki a lokaci guda, a ba shi kwana uku a ga halinsa, in ya yi ɓarna a san wanda za a kora. Kowace safiya sai ta buɗe tsumman yaron ta duba abin da ya fitar, tana gyaɗa kai kamar mai duban ƙasa. Bayan kabewa wake ya shigo, ba riga, an dafa shi ya zama kamar man kaɗe. Sai ɗan man shanu da matar Hammadu ta aiko da shi, gwargwadon ƙwayar gujiya a cikin kunu. Sai garin ɗiyan kuka, ɗan kaɗan, don tsami-tsamin nan da yara ke so. Na ɗauko barkono da daddawa na ce a sa ko ƙyas don abinci ya yi kama da abinci, ta buge mini hannu da muciya. Kuma duk abin da za a ba shi sai ya bi ta bakinta tukuna.

Ta ce, "In dasashina ya ce to, nashi ma za ya ce to. Ku masu haƙori ba ku san abin da ke da kaifi ba."

Kafin sanyi ya fita, maɗiga ta cika, wuya ya yi gammo biyu. Nonon Rakiya ma da hankalinta ya kwanta ya ɗan dawo. Angona ya fara rarrafe, ya bi kaji, ya kifar mini da ƙwaryar gari, na zage shi na ji daɗi.

Labari ya bi matan da ke zuwa kasuwa. Aka fara sallama a ƙofar Tanna, wannan uwar ta rasu ta bar jinjiri, wannan tagwaye ne nono bai isa ba, wannan kawai lokacin fara ci ne ya yi kuma yaro ya ƙi ɗura. Ba ta ɓoye wa kowa ba. Ta shanya tsironta a tsakar gida a kan sabuwar tabarma, mai wucewa ya gani. Har daga Hawandawaki aka aiko mata da jaki da shimfiɗa a kai don ta je ta koya wa matan wani gida. Ta zagaya ta gaban jakin, ta dube shi ido cikin ido, ta ce ta gode, ita da dangin wannan sun gama hulɗa. Ta tafi da ƙafa, kwana biyu, jakin yana bin ta a baya da goranta. Ni kuwa aka daina kirana ɗura. Ban ji haushi ba, sai kaɗan.

Amma ranar da ta fi kowace a wurinta, ina nan zaune aka yi ta. Tana ba Rabi'u wake da kabewa, ta zura yatsa kamar kullum, sai na ga ta zabura ta fizge hannu. Ta duba yatsan, ta buɗe bakin yaron ta leƙa. Ga shi nan a dasashin ƙasa, fari, ɗan ƙil, kamar ƙwayar shinkafa.

Ta ce, "Habsu, zo ki ga butulci. Na ciyar da shi wata uku, yau ya fi ni dukiya."

Na ce, "Da ɗaya tak."

Ta ce, "Ɗayan ma ina nawa?"

Ta saɓa shi a kafaɗa, ta fita ko mayafi babu. Gida-gida ta bi tana nuna shaidar cizon, tun ana ganin alamar har ta ɓace, ita dai tana miƙa yatsa ana dubawa ana yi mata barka. Ta ƙare a gindin bagaruwa, ta miƙa wa Malam yatsan ta ce jikansa ya ji mata rauni, tana neman diyya. Malam, wanda wanzami ya cire wa turmin nan tuni, ya karɓi yaron ya ɗora a cinya, ya leƙa bakinsa ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya ce diyya sai an yi bincike, kuma bincike ba ya yiwuwa da yunwa, ko akwai sauran na yau a tukunya.